Kuɗin Dokin da Kotu Ta Mayar wa Vasu

Dayalan Munsami mai aski ne a unguwar Chatsworth. Shagonsa kujera biyu ne da rediyo, kuma duk wanda ya zauna a yi masa aski sai ya tashi da sunan dokin da zai ci tseren Asabar, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Tun yana saurayi yake zuba kuɗi a kan dawaki, amma a shagon caca mai lasisi kawai. Yakan ce shi ba ɗan caca ba ne, masanin doki ne.

Ƙanensa Vasu, direban motar burodi, shi ma ya kamu da ciwon. Shi kuwa wurin wani Reddy yake zuwa, mai karɓar caca a ɓoye a bayan shagon tayoyi. Dayalan ya sha yi masa gori, yana cewa har asara ma bai iya yin ta cikin mutunci ba.

Da aka rage ma'aikata a gidan burodin, Vasu ya kwashi kuɗin sallamarsa ya kai wa Reddy, kafin ƙarshen shekara babu ko rand ɗaya. Matarsa Saroja ba ta tsaya kuka ba, ta tasa shi gaba sai ofishin wata lauya. Lauyar ta ce tunda mutumin ba shi da lasisi, za a iya neman kuɗin a kotu, muddin akwai wanda ya ga ana miƙawa. Dayalan ya sha raka ƙanen nasa can don ya samu abin dariya, saboda haka shi aka kira. Ya sa kwat ɗinsa na biki, ya faɗi abin da ya gani tsaf, a ransa yana ganin wahalar banza ce. Sai ga alƙali ya ce Reddy ya mayar da kuɗin.

Tun daga ranar abinci ya daina yi wa Dayalan daɗi. Vasu ya canja rufin gidansa, ya sayi tsohuwar a-kori-kura yana dakon kayan miya, kuma hanyarsa ta kasuwa ta gaban shagon askin take bi. In ya danna hon yana gaisuwa, sai Dayalan ya sunkuya kan ƙeyar da yake askewa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne asararsa ta ninka ta Vasu, kuma da bakinsa ya ciyo masa shari'ar.

Wata Litinin ya rufe shago ya tafi wurin lauyar shi kaɗai. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce masa inda yake cacarsa halastaccen wuri ne, kuma da ƙafarsa ya je, babu abin da kotu za ta karɓo masa.

"Wato laifina shi ne na bi doka?" in ji shi.

"Ba laifi ba ne, Malam Munsami. Asara ce kawai."

Da Saroja ta dafa shinkafar biryani ta tara dangi don godiya, Dayalan ya je, ya ci kaɗan, ya ce gishiri ya yi yawa. Vasu ya ja shi gefe ya ce yana so ya saya masa sababbin kujerun shago.

"Yaya, ba don kai ba da yanzu ina bara."

"Riƙe abinka. Kuɗin doki ne, ba ya zama. Mu ga yadda za ka kai baɗi."

Baɗi ta zo, Vasu bai sake kusantar tsere ba, har ya ƙara mota ta biyu. Dayalan bai taɓa hawa ko ɗaya ba. In za su bikin dangi a unguwar Phoenix sai ya ce bayansa ba ya son a-kori-kura, ya bi tasi. Har yanzu shi ke yi wa Vasu aski duk wata, kuma ba ya karɓar kuɗinsa, amma daga zama har tashi hirar ba ta wuce ruwan sama da tsadar albasa.