Ku cire tutar nan daga hoton Ya Falmata

Da safen nan ina shirin tafiya lakwal, wato makaranta, aka kira ni: Ya Falmata ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hawan jini ne, sati biyu tana kwance a Damagaram.

Ga wanda bai san ta ba, ma'aikaciyar jinya ce a likita, wato asibiti, nan Diffa, maƙwabciyarmu tun ina yaro. Ita ke yi wa ƴaƴana allura a gida, ko goro ba ta karɓa.

Kafin azahar hotonta ya cika waya. An manna mata tuta, an rubuta "jarumar ƙasa". Wallahi raina ya ɓaci, don na san abin da wasunku suka faɗa a kanta tana raye.

Ku tuna gangamin goyon bayan soji da muka yi bayan harin Boso. Ina gaba-gaba, na ɗaura tuta a ka, muna waƙar za mu ba da jininmu saboda ƙasa. Mun zo wucewa ƙofar likita sai ga ta cikin farar riga, ta riƙe mini hannu.

Ta ce, "Malam Isa, jinin nan da kuke alkawari, yanzu muke son shi. Ga sojoji kwance, ga mutanen ƙauye. Shigo da abokanka."

Mu biyar muka shiga. Ni ma kunya ce ta shigar da ni. Sauran suka wuce da waƙarsu.

Da aka gama ɗibar jininmu ta aika aka sayo mana shayi da biredi.

Bayan nan aka kawo wani masunci daga tafki da harsashi a cinya, ana zargin yana kai wa ƴan ta'adda labari. Mutane suka taru a ƙofa suna cewa a bar shi ya mutu. Ta ɗinke shi, ta ba shi fura. Sai unguwa ta ɗauka wai tana tare da su. Aka yi sunan jikanta, tabarmi rabi babu kowa.

Ni ban faɗa ba, amma ban kare ta ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Talata ce, wajen masu tattasai. Kwana biyu kafin nan na rubuta a nan cewa a ƙone tsibiran tafki da duk wanda ya rage a ciki, kuka yi ta danna mini laik.

Ta ce, "Na ga abin da ka rubuta. Ƙanwar uwata tana can, tsufa ya hana ta fitowa. Ita ma a ƙone ta?"

Na ce, "Ya Falmata, fushi ne."

Ta ce, "Ka fi ni fushi ne? Ni ke rufe wa mamatan ido. Goge, kuma ka gaida matarka Hadiza."

A tsaye na goge.

Don Allah ku bar hotonta yadda yake. Ana zaman makoki a gidanta, wanda ya san ya ci namanta ya je ya zauna a tabarmar ya nemi gafarar ƴaƴanta. Ni da la'asar zan je.

Allah ya jiƙan Ya Falmata, ya haskaka kabarinta, ya tsare sojojinmu da talakawanmu, ya kawo ƙarshen wannan masifa. Wanda ya karanta, ya yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku.