Jaridar Inna

Ban gama firamare ba aka zare ni daga lakwal, wato makaranta, aka kai ni rumfar gwanjo, shi ya sa Faransancina guntu-guntu ne, na ciniki da na faɗa da 'yan zemijan masu haya da babur. Amma kalmar journal na san ta, jarida ce. Wanda bai taɓa shiga aji ba ma a Lome ya san wannan.

'Yata sunan mahaifiyata ta ci, don haka Inna nake ce mata. Da ta samu aiki a wani kamfani can wajen Adakpame, kusa da tashar jiragen ruwa, na tambaye ta abin da take musu. Tana ɗaura ɗankwali, ido na kan waya, ta ce, "Papa, journal nake haɗa musu." Ta ɗauki jaka ta fice. Ban ƙara tambaya ba. Tun rasuwar uwarta haka zamanmu ya koma, ta gaishe ni, na amsa, ta ajiye mini abinci, kowa ya shige ɗakinsa.

Ni kuwa na ɗauki magana na kai kasuwarmu ta Hedzranawe. Na gaya wa 'yan layinmu, na gaya wa mutanen masallaci a Zongo. Ni da ban taɓa samun abin faɗa a majalisa ba, kullum sai sauraron masu 'ya'ya a Faransa da masu kwantena a teku, ranar nan na ce 'yata 'yar jarida ce. Na fara sayen jarida kullum da safe. Labarin ba na iya binsa, yana mini nauyi. Ƙasan kowane rubutu nake dubawa, inda ake sa sunan mai shi. Na canza wannan jarida, na canza waccan, damina ta zo ta wuce, ban gani ba.

Maƙwabcina a rumfa, wani Alhaji mai takalma, bakinsa ba ya hutawa. Da ya hango ni da jarida sai ya ce, "Baban 'yar jarida! Yau ma ba ta fito ba? Ko da ruwa take rubutun?"

"Kai da ba ka iya karanta lambar takalmin da kake sayarwa ba."

"Ni dai ban ce na haifi malama ba."

Dariya nake yi a gabansa, amma abin ya zauna mini a ƙirji. A takardun lakwal sunana ne ke bin nata. Sai na yanke a raina cewa wani suna take sawa, don kada a ce 'yar mai gwanjo ce. Na ce to, an yi karatu, an waye, uba ya zama abin ɓoyewa.

Wata Lahadi bayan la'asar tana zaune a baranda da ordinatarta, wato kwamfuta, a cinya, ta ce, "Papa, tarin jaridun nan na ɗakinka in ba mai ƙosai? Suna tara kyankyaso."

Na ce, "Ba ta. Tunda ba sunanki a ciki, a naɗe ƙosai da su. In kunyar sunana kike ji, ki faɗa mini a fuskata, ba sai na yi ta nema kamar mahaukaci ba."

Ta kalle ni baki buɗe. Sai da na maimaita mata maganarta ta ranar farko sannan ta gane. Ta fara dariya, ta ga fuskata, dariyar ta tsaya.

"Duk watannin nan ni kake nema?"

Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta ce in zauna, ta juyo mini da allon. Baƙi ne, layuka farare suna ta hawa sama, lamba kan lamba, ba hoto ko ɗaya.

"Wannan shi ne journal ɗin," in ji ta. Ta ce kamfanin yana da manyan na'urori a wani ɗaki mai sanyi, su ke riƙe da bayanin kayan da ke shigowa da fita. Aikinta ta rubuta hanyar da za a riƙa tambayar kowace na'ura halin da take ciki, a kwaso amsa a zuba wuri ɗaya, har da na tsofaffin na'urorin da maganarsu ta sha bamban.

Na ce ban gane ba, kada ta yi mini Faransanci.

Ta murza goshi, kamar yadda uwarta ke yi. Sai ta ce, "Gaisuwa ce, Baba. Ina zafi? Ina aiki? Ina gajiya? Ba a fasawa, dare da rana, ita kuma tana amsawa, ana rubutawa."

"Wa ke karantawa?"

"Ba kowa, sai ran da wani abu ya lalace. Ran nan a koma baya a ga tun yaushe ta fara kuka."

"Sunanki fa?"

"Ba ya ciki. Na kowa ma ba ya ciki."

Raina ya ɗan ɓaci da wannan, na ce aikin banza, mutum ya yi ta rubutu ba mai gani. Amma ban tashi ba. Wani layi ya fito da ja, na nuna da yatsa. Ta ce wannan na'urar cewa take yi ta cika, kaya sun yi mata yawa.

Na ce, "Haka kawai ta faɗa? Ba ta ce lafiya lau ba?"

"Ba ta iya ba. Abin da ke akwai take faɗa."

Ta danna wasu abubuwa, jan ya tafi. Ta rufe ordinatar rabi, ta ɗora hannu a kai, ba ta kalle ni ba.

"Baba, ina gajiya?"

Amsar tana bakina, wadda nake ba kowa tun ina yaro. Na haɗiye ta. Na ce mata gwiwata ta hagu tun azumi ba ta barina barci, kuma gidan nan ya yi mini shiru da yawa. Ta ƙarasa rufe ordinatar ta ajiye a ƙasa, ta ce in miƙo ƙafar ta gani.