Ranar da Na Juya wa Baffa Baya

Shekaruna na aiki a ɗakin ajiye gawa na asibitinmu a Tambuwal sun mayar da ni mutum mai naci. Kowace gawa sai na ɗaura mata lamba a babban yatsan ƙafa, na rubuta lambar a takardar likita, kuma ba ta fita sai ɗan'uwa ya dubi fuska da idonsa. Abokan aiki har tsokanata suke yi, wai ko ni na mutu sai na tashi na duba lambata.

Wata damina aka kawo samari biyu da ruwa ya ci a wajen Kebbe, ɗaya makiyayi, ɗaya manomi. 'Yansanda suka ce sai likita ya bincika musabbabin mutuwar. Ruwa ya sauya musu kama, ga tsawo ɗaya, rigunan kuma an cire. Dangin manomin suna hanya daga Jabo. Mahaifin makiyayin ne ya fara isowa daga Fakku, dattijo siriri da sanda a kafaɗa.

Na buɗe mayafin farko. Ya ce, "Shi na."

Ɗansandan da ke wurin ya fara rubutu. Ni kuwa na lura bango dattijon yake kallo.

Na ce, "Baffa, ba ka duba ba."

"Na ce maka shi na. Ku ba mu mu rufe shi, rana na yi."

Raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan yi faɗa. Sai ƙanensa da ya rako shi ya raɗa mini cewa yaron ɗan farinsa ne. Tun haihuwarsa bai taɓa kiran sunansa ba, balle ya tsaya kallonsa a gaban mutane. Kunya ta kama ni, tausayi ya biyo baya. Amma da na sakar masa gawar, da ya binne ɗan wani, nasa kuma a kai shi Jabo.

Na roƙi kowa ya fita, har ɗansandan. Na buɗe fuskokin biyu, na koma bakin ƙofa na juya baya.

Ya daɗe. Na ji takunsa ya wuce gadon farko, ya tsaya a na biyu. Can na ji ya kira sunan yaron a hankali, sau ɗaya.

Sai da na ji ya gama share fuska na juyo, na ɗauki biro na gyara lambar.