Atishawa ta Huɗu

Ko zan manta da komai, ba zan manta da Lahadin da na ari atishawar wani ba. Ku da kuka shigo makarantar nan bana, ku matso ku ji dalilin da ya sa ba na ɗaga wa kowa ƙafa.

Bara ne, cikin marka. Fatake suka yada zango a bakin garin nan namu, Darini, suka tashi suka bar mana mura. Ba irin wadda kuka sani ba. Ni da idona na ga maƙerin garin nan ya yi atishawa ɗaya ta kashe masa wuta, ta kori kajin maƙwabta.

Malam Buba ya kafa doka. Kowa ya zo da moɗarsa, ba a haɗa baki a randa. Sannan atishawa: ɗaya, biyu, uku, mai ita ya yi hamdala, a yi masa addu'a. In ta kai huɗu a zama ɗaya, mura ce, sai ya ɗauki allonsa ya tafi gida kwana bakwai. Ni titibiri ne a lokacin, wato na wuce ƙananan da ake kira kolo, ban kai gardi ba. Malam ya ce tunda kunnena ba ya barin zancen kowa ya wuce, ni zan riƙa ƙirgawa. Na ji daɗin sarautar nan. Har ɗan mai gari na kora, yana kuka ina yi masa rakiya da waƙa.

Akwai gardi Sani, wanda ke biya wa ƙanana karatu. Laraba za a yi masa sauka. Mahaifinsa, tsoho ne da ido ya fara gaza, ya taso daga ƙauyensu, Babban Duhu, a kan jaki don ya ji da kunnensa, kuma Alhamis zai koma saboda gona.

Ran Lahadin nan da hantsi Sani ya yi atishawa ɗaya. Ya yi biyu. Da ya yi ta uku sai ya waigo, idanunsa jajir.

"Iro, don Allah," ya ce a hankali. "Baba ya zo. Kwana uku kawai."

Ta huɗu na tahowa ya danne ta a cikin riga, ni kuwa na saki wata irin atishawar ƙarya, na wuntsila, na shure tawada. Yara suka fashe da dariya.

"Ta wa ce wannan?" in ji Malam.

"Tawa ce, Allah gafarta Malam. Ta farko."

"Ni biyu na ji."

"Tagwaye ce, Malam."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya koma kan karatunsa.

An yi sauka. Sani ya karanta da dasasshiyar murya, tsohon ya yi ta share hawaye. Ran Juma'a Sani ya kwanta. Kafin mako ya zagayo, huɗu daga cikin yaran da yake biya wa sun bi shi. Cikinsu har da Habu, ɗan shekara shida, wanda Sani ke riƙe masa yatsa a kan allo, fuska da fuska. Sani ya tashi. Sauran ukun sun tashi. Habu muka kai makwancinsa kafin azahar, ran wata Asabar, ana yayyafi.

Bayan kwana uku na durƙusa gaban Malam na faɗi komai. Na zaci bulala, har na saka riga biyu. Bai ko kalli inda take ba.

"Rai na Allah ne, Iro," ya ce. "Amma da ka faɗa mini, da na ɗauki mutum biyu mun je masaukin tsohon, Sani ya karanta a tsakar gida, mu muna nesa. Ba abin da zai rasa."

Na roƙe shi ya ba wani yaron aikin ƙirgar nan. Ya ce a'a, yanzu ne ma na iya shi.

To, ga abin da na koya. Ƙirga huɗu ko ɗan akuya ya iya. Wuyar ita ce faɗinta a kan wanda kake ƙauna. Kuma in abu ya fi ƙarfinka, ka kai wa na sama da kai, wataƙila yana da hanyar da wayonka bai hango ba. Ni wayona na yi, kuma kullum ta ƙofar uwar Habu nake wucewa in za ni rijiya. Har yau ita ke fara gaishe ni.