Ɗankwalin da Kaka Ta Rufe Akushi da Shi

Har yau in na ga an rufe kwanon abinci da ɗankwali, ba na iya cin abincin. Matata ta yi haka sau ɗaya, ta ga fuskata, ba ta ƙara ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi. A can ciyawar gamba ake dasawa a iyakar gona, kuma ba mai taɓa ta. Wata damina maƙwabcinmu ya tuge gambar da ke tsakaninsa da mahaifina, ya matso da shukarsa cikin gonarmu. Baba mutum ne mai sanyi, ko akuya ba ya daka wa tsawa. Ya ce a bari a yi girbi, zai kai wa mai gari magana.

Kaka, uwar da ta haife shi, ita ce ta ƙi. Tana daka tana habaici, tana tankaɗe tana habaici. Ran nan da azahar, maza na zaune a zaure, ta kawo masa akushin tuwo da kanta. Maimakon faifai, ɗankwalinta ta rufe shi da shi.

"In ka gama ci ka ɗaura," in ji ta. "Ashe ɗiya mace na haifa."

Wasu suka yi dariya. Baba bai taɓa tuwon ba, ya ɗauki gatarinsa ya fita. Kafin la'asar aka kawo gawar maƙwabcinmu a amalanke.

Ba na wanke Baba. Hannunsa ne ya yi saran, ya bar marayu a gidan mutane. Alƙali ya ɗaure shi, a gidan yari ya mutu, ko kabarinsa ban sani ba. Amma ku gaya mini, wa ya tuhumi Kaka? Wa ya tuhumi masu dariya? Zama ta yi a kan tabarma ana zuwa yi mata jaje, tana jan carbi tana cewa tsautsayi ne. Tsautsayi! Ɗankwalin nan wanke shi ta yi, ta ci gaba da ɗaurawa har ta mutu. In dangi suka ce Allah ya ji ƙan tsohuwa, nakan ce amin, amma raina a ɓace nake faɗa.

Bara na je ƙauyen. Ba mai noma wajen yanzu, tsoron 'yan bindiga ya kora mutane cikin gari. Na tsaya ina neman iyakar da aka kashe mutum a kanta. Gamba ta rufe gonakin biyu gaba ɗaya, har ta fi ni tsawo. Na kasa gane inda tamu ta ƙare.