Jimla Ɗaya Saboda Jika

A ɗakin jira na asibiti, wata dattijuwa na zaune kusa da ni, tabaraunta ɗaure da zare a gefe ɗaya. Yatsunta duk kanta ne, ina jin ta daɗe tana ɗinki. Tana bin rubutun wata 'yar takarda da yatsa, leɓɓanta na motsi. Jimla ɗaya ce ta wani harshe take ta maimaitawa, tana sarƙewa a kalma ta uku.

Ta lura ina kallonta. "Saboda jikata ne, ɗana. A can aka haife ta, ba ta jin namu. Wata shida ina koyon nasu, ya shiga da safe, ya fice da yamma."

Ina so in gaya mata na taɓa karanta cewa wasu masu bincike na ganin tsufa ba ya hana koyon harshe, sai dai a daɗe. Amma yarinyar girma take yi, ba jira ba.

Wayarta ta yi ƙara, fuskar yarinya ta bayyana. Dattijuwar ta gyara zama, ta faɗi jimlar daidai. Yarinyar ta yi tsalle don murna, ta shiga zuba labari ba tsayawa. Kakar na murmushi, tana gyaɗa kai.

Da kiran ya ƙare ta juyo. "Ɗana, kai da ka yi karatu, me ta ce?"

Ni ma ban gane ko kalma ɗaya ba.