Fangalin Warniti

Duk wanda ya taso a unguwarmu ya san keken Carsim kafin ya san Carsim. Baƙin keke ne mai nauyin jaraba, gadon mahaifinsa. Ƙararrawar ta daɗe da mutuwa, amma ba ya buƙatarta, don kukan feda kaɗai ya isa ya kori agwagi daga hanya.

Carsim bai taɓa mallakar gona ko taƙi ɗaya ba. Sana'arsa bin girbi. Da shinkafa ta nuna sai ya ɗaure tamfol da tukunya da lauje biyu a jikin keken, matarsa Warniti ta hau kariya ta zauna a karkace, su bar garinmu Indramayu su nufi yamma. Inda suka tarar ana yanka su sauka su sa hannu a ba su rabonsu, inda rana ta faɗi su kafa tamfol a bakin magudanar ruwa. A da keke ashirin ke tafiya a jere, maza da mata, ana raha ana zolayar juna. Shi dai Carsim ba mai magana ba ne. A hanya kalma biyu aka san shi da su: in ya hango rami ya ce, "Riƙe ni." Ita kuwa takan ce, "Wa nake riƙe da shi tun ɗazu, maƙwabcinka?"

Ƙarshen tafiyar kullum ƙauyen su Warniti ne, kusa da Karawang, a gonar Hajiya Sumirah. Can har yanzu ana bin tsohuwar al'ada: macen da ta dasa fangali ba a ba ta komai ranar dashe, amma yankan fangalin nata ne, ba mai sa masa lauje sai ita da wanda ta kawo. Saboda haka duk lokacin dashe Warniti kan hau mota ta je ta dasa nata ita kaɗai, ta dawo. In kaka ta yi su tafi tare. Ita ta dasa, shi ya yanke, shekara talatin da ɗaya ba fashi.

Bana ma ta je ta dasa. Ta dawo da ɗan zazzaɓin da ba wanda ya ɗauka da zafi, kwana tara ta ce ga garinku. 'Yarsu guda tana aikin kula da tsofaffi a Taiwan, ta waya ta yi kukanta. Aka yi sadakar arba'in aka watse, Carsim ya zauna a ƙofar ɗaki yana kallon keken, har gizo-gizo ya fara yi wa tayoyin saƙa.

Wata Lahadi da yamma ƙanin Warniti, Tarjuki, ya kira shi. Tun auren yayarsa bai taɓa barin Carsim ya sha iska ba.

"Yaya, kana raye kuwa? Sau uku ina kira."

"Ina jin ka."

"Hajiya ta yi maganar injin girbi. Laraba zai shigo, kaf zai share, har da na Yaya Warniti. In kana so ka yanka, ka hau mota gobe."

"A keke zan zo."

"Wane keken? Wannan gyatumar? Wallahi ku biyun ban san wanda zai riga wani rugujewa ba."

"Ka ce wa Hajiya ina tafe."

Mai hankali mota zai hau, kowa ya san haka. Amma Carsim gani yake in ya je ta wata hanya ba wadda suka saba ba, kamar ya bar ta a baya ne. Ba shinkafar ce ta dame shi ba. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne ƙarfe ya cinye abu na ƙarshe da hannunta ya taɓa. Da asubar Litinin ya ɗaure kaya. Sai da ya gama ya lura lauje biyu ya ɗauko, kuma bai mayar da ɗayan ba.

Tun kafin ya fita gari keken ya fara ba shi mamaki. Baya ya yi sakayau, kan sai rawa yake kamar na ɗan koyo. Ashe duk shekarun nan nauyinta ne ke daidaita masa tafiya. A ramin farko bakinsa ya riga shi: "Riƙe ni." Ya ji maganar ta fita ta faɗi a kan hanya, ba wanda ya amsa. Daga nan ya cije leɓe duk inda ya ga rami.

Ƙasar kuwa ta cika ta batse. Ko'ina rawaya har inda ido ya tsaya, an shanya shinkafa a gefen titi, hayaƙin karan da ake ƙonawa ya tokare sama. Amma mutane fa? Inda a da za ka ga malfuna hamsin a sunkuye, yanzu inji ɗaya ne ke kai da kawowa, balbelu na bin sa, sai tsofaffin mata biyu ko uku masu kala a baya. Da la'asar ya isa gindin gadar da suka saba yada zango. Duwatsun murhunsu na bara suna nan, baƙaƙe. Ya kafa tamfol, ya dafa shinkafa da busasshen kifi da yaji, ya ga ya yi yawa, don hannunsa awon mutum biyu ya sani. Kewa ta kama shi sosai a wurin nan. Ya yi magariba shi kaɗai, ya rufe sauran abincin don safe.

Ran Talata da hantsi, a rumfar mai kofi, wasu 'yan birni su huɗu suka tsaya, maza biyu mata biyu, da kekuna masu ƙyalli da jakunkuna kala-kala. Su ma yawon ƙauye suke, suna kwana a tanti, wai don nishaɗi. Suka kewaye keken Carsim suna shafawa.

"Baba, wannan ai kayan tarihi ne! Daga ina?" in ji ɗaya daga cikin matan.

"Indramayu."

"Kai! Kai kaɗai? Gaskiya ka more, ba mai damun ka."

"Haka ne," ya ce.

Suka ɗauki hoto da shi, suka biya masa kofi, suka ɗaga masa hannu. Kafin ya gama ɗaure malfa sun ɓace.

Bayan azahar, a tsakiyar gonaki inda ba gida ba rumfa, gyatuma ta cika maganar Tarjuki. Ƙarfen feda ya karye ɓaras. Carsim ya tsaya yana juya guntun a hannu. Ya tura keken har faɗuwar rana, ya kwana a gefen wata gona. Da safe ya ci gaba da turi har ya sami mai walda, shi kuma ya ce ba wuta, sai an kawo. A kan benci Carsim ya wuni, yana jin ƙugin wani inji daga nesa, yana sane yau ce Laraba. Sau biyu wayarsa ta yi ƙara bai ɗauka ba. Tsoron abin da za a faɗa masa yake.

Sai dare aka kawo wuta aka gyara fedar, ya kwana yana tafiya. Ran Alhamis rana na fitowa ya shiga ƙauyen. Tun daga kan gada ya ga an gama. Gonar Hajiya ta zama fili fetal, sawun inji ya yi mata zane-zane. Ƙafarsa ta saki feda. Sai da ya matsa ya hangi wani abu can tsakiya, fangali guda a tsaye, rawaya, shi kaɗai. Tarjuki na zaune a gefensa yana zuƙar taba.

"Sannu da zuwa, ango. Ta Makka ka biyo?"

Carsim ya nuna fangalin da haɓa.

"Kada ka gode mini, ba ni ba ne. Tun da ta rasu ba wanda ya shiga ya yi masa cira, matan nan kowa ta ce ba za ta iya ba. Direba ya ga ciyawa ya ce za ta shaƙe masa inji." Ya kau da kai ya tofar da yawu. "Hajiya ma ta ɗan yi masa ihu kada ya taɓa shi, amma wannan ba ruwanka. Gobe da safe za a sako ruwa a fara huɗa. Kawo ɗaya laujen in taya ka."

"Bari, Tarjuki."

Wannan karon Tarjuki bai yi gardama ba. Ya tashi ya ce zai kawo abinci.

Carsim ya shiga ta kusurwar da ta saba fara dashe. An janye ruwa tun kwana goma, laka ta bushe ta yi tauri. Ya kama, ya yanke, ya ajiye. A layi na uku, da ya ɗauke damin hannunsa, ya ga sawu a ƙasa, ƙafar hagu, yatsu huɗu. Ƙaramin ɗan yatsan Warniti bauna ce ta taka mata shi tun tana yarinya, har tana yi wa kanta ba'a cewa ita ce mai rangwame wurin yankan farce.

Ya durƙusa ya share ciyawar da hannu. Ga wani nan, ga wani, a jere, ba ƙafar da ta taɓa ratsa su. Mai dashe da baya take tafiya, shi kuma mai yanka gaba yake yi. Don haka duk sawun shi suke fuskanta. Ya yanki layi ta ja da baya taku ɗaya, ya ƙara ta ƙara, kamar yadda take yi a tsakar gida in tana ba shi labari tana riƙe da tsintsiya.

Ranar nan Carsim ya yi surutun da bai yi ba a shekara talatin da ɗaya. Ya ba ta labarin feda, da mai walda, da 'yan birnin da suka ce ya more. Ya ce mata layukanta sun karkace daga tsakiya, kamar kullum. Da Tarjuki ya kawo abinci ya jiyo muryarsa, sai ya ajiye kwanon a kan iyaka ya juya a hankali.

Kafin la'asar sakaliya ya kai ƙarshe. Sawun ƙarshe biyu ne gab da juna, inda ta tsaya ta miƙe bayanta ta dubi aikinta, daga nan ta hau tudun iyaka, ciyawar wurin ba ta riƙe sawu ba. Ya daɗe tsaye a wurin da lauje a hannu. Sannan ya kira Tarjuki suka buge shinkafar, aka ware masa rabonsa, buhu guda.

A bakin fangalin ya kafa tamfol. Bayan asuba aka buɗe ruwa. Ya shigo a hankali, siriri, yana neman kwari, kuma ba abin da ya fi sawun nan zurfi a fangalin. Su ya fara cikawa, ɗaya bayan ɗaya, suna ƙyalli, tun daga kusurwar farko har gaban Carsim. Sannan ya malale ya rufe komai.

Tarjuki ya kama masa suka ɗora buhun a kariya, a karkace, suka ɗaure tam.

"Ka zauna ko kwana biyu mana, Yaya. Wa ke jiran ka a can?"

"Wani lokacin," in ji Carsim.

Ya hau ya taka. Keken ya miƙe sambal, kan bai ƙara rawa ba. A sauka daga gada akwai wani tsohon rami da ya sani. Ya rage gudu, kuma bai cije leɓe ba.

"Riƙe ni," ya ce.